Rabin Gwamnati

A shekarun baya, wanda ya fito daga Maradun ya nufi wajen Kaya yakan ga wani wuri mai duhun itatuwa a gefen hanya, shi kaɗai a tsakiyar fili, kamar wanzami ya manta da shi yana aski. Kurmin Sallau ke nan. Mutane ne suka raɗa masa sunan, kuma da ba'a suka fara.

Sallau yana yaro ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonar ubansa. Abin da ya zo hannunsa a gado wani fako ne, ƙasa mai taurin da fartanya ke tsalle a kanta. Gero ya ƙi, dawa ta ƙi. Abin da bai ƙi ba shi ne tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Kowa in bazara ta kama sai ya yi sassabe, ya sare toho kaf, ya tara ya cinna wuta. Shi kuwa Sallau sai ya riƙa zagayawa da 'yar addarsa, a kowane kututture ya zaɓi toho mafi ƙarfi ya bari, ya cire sauran. Aka ce rago ne, sassabe ya gagare shi ya fake da dabara. Ya ji, ya yi kunnen ƙashi.

Kafin furfura ta gama cika masa gemu, fakon ya zama kurmi. Ga marke, ga kalgo, ga aduwa, ga gawo yana zubo wa awaki 'ya'ya da rani, ga wata kirya a tsakiya da mutum biyu ba sa iya rungumewa. Matarsa Suwaiba ba ta san sayen itacen girki ba. Da rassan da yake ragewa ya aurar da 'ya'yansa mata. Ƙa'idarsa ɗaya, bai taɓa kayar da itace mai rai ba.

Kada a ɗauka mutum ne mai daɗin zama. Sallau na da faɗa, yana da rowa. In ka zo neman saiwa ko ɓawo na magani zai ba ka, amma sai ya tsaya a kanka yana nuna maka gefen da za ka sassaƙa, yana mita har ka tafi. Duk da haka ba a yi masa sata. Shingensa na ƙaya ne, ɗan akuya ma yana tsallakewa. Abin da ya tsare kurmin shi ne kowa ya san na mutum ne, kuma hakkin mutum ba ya faɗuwa ƙasa. Maƙwabcinsa Jafaru, mai sassaƙa turmi, iska ta taɓa jefa wani reshen marke cikin gonarsa. Ya saɓo shi a kafaɗa har ƙofar gidan Sallau, ya ce ba zai je lahira da itacen wani ba.

Ana nan sai wani shiri na raya dazuzzuka ya zo. Wani matashin ma'aikaci, Mubashir, ya hawo babur daga Talata Mafara, ya shiga kurmin ya fito yana girgiza kai. Ya ce bai ga irinsa ba daga Bakura har Maradun. Ya ce shirin na rabi da rabi ne: za a kewaye wurin da waya, a share hanyar kashe gobara, a dasa sababbin itatuwa, mai wuri ya ɗauki rabin ɗawainiyar, gwamnati ta ɗauki rabi.

Ba wayar ce ta ja Sallau ba. Shekara da shekaru ana ce masa rago, yau ga mai ilimi ya cire hula yana ce masa gwani. Zuciyarsa ta yi sanyi kamar an zuba mata ruwan randa. Suwaiba ma ta ce ya karɓa, ta gaji da cire masa ƙaya a tafin hannu. Ya sayar da bijiminsa na huɗa ya biya rabinsa, ya janye shingen ƙaya da hannunsa.

Gaskiya ba a cuce shi a lissafi ba. Waya ta zo, an ɗaura. Dashe ya zo, ko da yake sai da damina ta ɗauke, ya bushe a ledarsa. Sannan aka kawo allo, babba, kore da fari, aka kafa a bakin hanya da siminti. Rubutun Turanci ne, sunan Sallau yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ba kowa ke karanta Turanci a garin ba, amma kowa ya san dawakin nan biyu da mikiyar da ke sama.

To, a ƙasar nan an san noman kashi-mu-raba. In mutum ya zuba rabin iri da rabin taki a gonarka, ranar sussuka rabin buhuna nasa ne, ba a musu. Don haka ba sai an yi wa kowa bayani ba: gwamnati ta sa rabi, rabin kurmi nata ne. Kayan gwamnati kuwa an san yadda ake yi da shi. Ba shi da uwa, ba shi da uba, ba wanda zai tare ka a kansa ranar hisabi.

Mata masu neman kirare suka fara, suna ɗaga waya suna shiga. Daga nan wayar kanta ta fara ɓacewa, ana ganinta a garken tumakin mutane. Sai gatari. Wata rana da hantsi Sallau ya bi ƙarar sara, ya tarar da Jafaru ya kayar da wani marke yana datsawa. Jafaru bai ko razana ba. Ya ajiye gatari ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya.

"Jafaru," in ji Sallau, "kai na? Kai da ka taɓa kawo min reshe har gida?"

"Baba Sallau, wancan naka na, shi ya sa nik kawo ma," in ji Jafaru. "Wanga ko cikin rabin gwamnati yake. Wallahi ban taɓa naka ba."

"Ina rabin nawa yake? Nuna min iyaka."

Jafaru ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "To, wanga sai ku da kunka yi shirin."

Abin da ya fi ci wa Sallau rai shi ne mutumin ba ƙarya yake yi ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Da la'asar a sahu ɗaya suka yi salla.

Sallau ya je ofishin shirin a Talata Mafara. Aka ce zangon shirin ya ƙare, an mayar da Mubashir wani wuri, kurmi kuma ai nasa ne tun asali, ya je ya tsare abinsa. Ya je wurin mai gari, mai gari ya ce shi bai gayyato kowa ba. Ya dawo ya tumɓuke allon ya jefa a kwazazzabo, amma sunan ya riga ya bi bakin mutane. Masu gawayi daga nesa suna tambayar hanyar dajin gwamnati, yara suna nuna musu. Duk wanda ya kama, rabin gwamnati yake sara. Rabin nan bai taɓa ƙarewa ba.

Ya yi rani guda yana yini a wurin da sanda, yana kora ta nan ana shiga ta can, har ƙafafunsa suka kumbura. Suwaiba ta ce, "Malam, ko dai ka sare abin da yar rage ka saida, ko ka zamna kana kallo wasu su saida."

Ya ƙi kula ta kwana da kwanaki. Ranar da ya ga an fara yi wa kiryar tsakiya shata, ya koma gida ya ɗauko gatari. Hannunsa ya san rage reshe, bai san kayar da gindi ba, saran sai zamewa yake. Yana cikin haka wani baƙo ya ratso da jaki da igiya, ya tsaya ya yi masa sannu da aiki. Ya ga tsoho yana haki, tausayi ya kama shi.

"Baba, kawo in kama ma," ya ce. "Amma mu yi hanzari. An ce akwai wani tsoho masihwahhe da gwamnati ta aje gadi nan, in yaz zo ba mu sha da daɗi."

Sallau ya dube shi. Sai ya miƙa masa gatarin, ya matsa gefe.