Takalman Isiyaku a Bakin Teku

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Isiyaku, kuma sai bana na samu ƙarfin halin rubuta abin da na sani game da ranar da ya tafi. Abokan zamanmu na unguwar Utaiqa a Riyad duk sun watse, wasu sun koma gida, wasu sun canza kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, sun yi Jidda. Cikin waɗanda suka ci abinci kwano ɗaya da shi, ni kaɗai na rage a Riyad. Idan ban faɗa ba, babu mai faɗa.

Mutumin Maraɗi ne, ni kuma daga Katsina na zo. Ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa duk da ba mu haɗa jini ba. Shi ya nuna mini yadda ake sabunta iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, shi ya koya mini Larabcin da ake ciniki da shi a kasuwa. Aikinsa tuƙin motar kifi ta wani gidan cin abinci. Duk Laraba yakan ɗauki motar mai firji ya yi tafiyar awa huɗu da wani abu zuwa wani ƙaramin gari a gaɓar tekun gabas, ya kwana, ya lodo kifi da jatan lande, ya dawo Alhamis kafin magariba.

Abin dariyar shi ne, Yaya Isiyaku tsoron ruwa yake yi. Kafin ya zo ƙasar nan bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin garinsu da damina ba, kuma ko shi ɗin bai taɓa shiga ba. Amma yana son garin nan na bakin teku kamar can aka yanke masa cibiya.

Abu na biyu da yake so shi ne fim. Yana saurayi bai da wurin zuwa sai silima marar rufi ta garinsu. A lokacin da muke tare babu gidan silima ko ɗaya a Riyad, sai ya ce to shi zai yi nasa. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗauko garin da wayarsa. Ran Juma'a idan mun sauko daga masallaci mun ci shinkafa, sai ya jingina wayar da filas ɗin shayi ya ce, “Ku matso, an fara.” Mu ga jiragen masunta suna dawowa da hantsi, mu ga gwanjon kifi ana ta ɗaga murya, tsofaffi na ɗinkin taru a inuwa, iyalai sun shimfiɗa darduma a kan yashi suna shan gahawa, maguna na zagaye da su. Muryarsa na bin hoton da Hausa, yana faɗin sunan kowa da abin da ke damunsa. Ba ya taɓa ba wani wayar ya riƙe masa, cewa yake hannun mutane rawa yake. Shi ya sa duk finafinan nan babu fuskarsa ko a ɗaya.

Sau ɗaya na bi shi. Ya kai ni rumfar wani dattijo mai suna Ammu Salih, inda ake soya kifi a zuba shi kan jar shinkafa, a shimfiɗa leda a ƙasa, a matsa lemon tsami a ci da hannu. Ban taɓa cin kifi kamar na ranar ba. Na lura can ƙuryar rumfa ya zauna, bayansa jingine da bango, kuma da ruwa ya fara cikowa sai ya ja tabarma baya, alhali tsakaninmu da ruwan ya fi taku talatin. Ammu Salih ya yi ta masa dariya.

Wajen wata guda kafin rasuwarsa finafinan suka canza. Babu kasuwa, babu mutane, babu bayani. Wuri ɗaya yake nuna wa wayar, wani fili a kan ruwa gaban rumfar, minti biyar, minti shida, shiru. Sauran abokanmu suka gaji suka daina matsowa. Na ce, “Yaya, me ke nan wurin?” Ya dube ni ya ce, “Ba ka gani ba?” Sai kuma ya yi dariya ya kashe wayar. Ban sake tambaya ba, kuma har yau ina jin zafin hakan.

Wata Alhamis bai dawo ba. Washegari maigidansa ya kira ni, muka kama hanya. Ammu Salih ya ce bayan azahar Isiyaku ya zo kamar kullum, an kawo masa abinci ya ci rabi. Shi kuma dattijon ya shiga ciki juya kifi, da ya fito babu Isiyaku, sai takalmansa a bakin ruwa, an jera su gefe da gefe. Rana tsaka, sarari fes, ba iska. Ruwan wurin kuwa ko gwiwa ba ya kaiwa sai mutum ya yi tafiya mai nisa a ciki. Masunta suka same shi da safe. A garin muka yi masa sutura muka kai shi makwancinsa.

Motar kifin tana nan a kulle inda ya ajiye ta, makullin a aljihun wandonsa. Da aka buɗe, wayar na cikin ɗan akwatin gaban mota. Ni aka damƙa wa kayansa. Kwana uku ban taɓa wayar ba. Ran na huɗu, da safe kafin in fita aiki, na kunna fim na ƙarshe.

Daga cikin ruwa aka ɗauke shi, ana fuskantar gaɓa. Ga rumfar Ammu Salih, ga Yaya Isiyaku zaune a ƙuryarsa yana cin abinci, sanye da rigar da aka same shi da ita. Hoton tsaye yake cak, ko motsi babu, kuma ba a jin komai sai ruwa. Ya ɗaga kai ya dubo wajen mai ɗauka. Fuskarsa ta washe. Ya miƙe, ya goge hannunsa, ya taho da sauri-sauri. Da ya iso bakin ruwa ya tsaya, ya cire takalmi, ya jera su, ya fara sunkuyawa ƙasa. Nan fim ɗin ya ƙare.

Na koma garin na tambayi Ammu Salih wa ya riƙe wayar. Ya rantse mini cewa a lokacin ruwa ya janye, babu jirgi ko ɗaya a kusa, kuma bai ga kowa tsaye cikin ruwa ba. Na tambaye shi yadda wayar ta koma cikin mota a kulle. Sai ya ce in yi wa ɗan'uwana addu'a in bar sauran ga Allah.

Ba tambayar mai ɗauka ce ta fi hana ni sukuni ba. Takalman ne. Wanda santsi ya kwasa ba ya tsayawa jera takalmi. Zuciyata ta yi ta raya mini cewa da niyya ya shiga ruwan, kuma kowane Musulmi ya san nauyin wannan magana. Yana da mata a Maraɗi, Balaraba, da ’ya’ya uku. Da na kira ta, sai na ce mata ƙafarsa ce ta zame a wurin da jirage ke tsayawa. Ƙarya na yi, na kuma riƙe ta shekara tara. Duk sallah idan ta kira mu gaisa ta ce Allah ya saka mini da alheri, sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

A cikin shekarun nan Riyad ta zama wani gari. Yanzu mutum yana zaune a ɗaki zai taɓa waya a kawo masa gasasshen kifi har ƙofa. Jirgin ƙasa na ratsa unguwannin da muke shan cunkoso a cikinsu. Ni kaina na bar aikin gini, ina ɗaukar fasinja da mota, kuma sau da yawa gidan silima nake sauke su, samari da ’yan mata da iyaye da yara. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin da ranar farko zai je ya kama layi, ya fito yana ƙorafin sanyi ya yi yawa kuma ba a barin mutum ya yi wa jarumi ihu. Sau ɗaya na shiga saboda shi. Ana cikin fim aka nuno teku ta cika allon nan gaba ɗaya, shiru, ba kowa a kanta. Na ji tafin ƙafata ya yi sanyi kamar na taka ruwa. Na tashi na fita, ban koma ba.

Garin nasa ma ya canza. Bara na kai wani fasinja yankin, na ratsa. An rushe rumfar, an shimfiɗa hanyar shan iska da fitilu da shagunan kofi. Ammu Salih ya rasu. Na tsaya daidai inda nake zaton nan ne, na kasa duban filin nan na kan ruwa.

Bana Balaraba ta zo umra ita da ƙanenta. Na tuƙa mota har Makka na same su, na kai su wani wurin cin abinci kusa da masaukinsu. Ban iya cin komai ba. Na ce, “Anti, akwai abin da na ɓoye miki, ki yafe ni.” Na faɗa mata duka, na miƙa mata wayar.

Sau uku ta kalla. A na ukun ta tsayar da hoton daidai inda yake sunkuyawa, ta juyo mini da shi.

“Nafi'u, kai me ka gani a nan?”

Na ce, “Mutum zai shiga ruwa.”

“A'a,” in ji ta. “Dubi hannunsa na dama a kan gwiwa. Durƙusawa zai yi. Gaisuwa ce wannan. Mutum ɗaya na san yana cire wa takalmi tun daga nesa ya jera su haka, mahaifinsa. Tun ina amarya Baba ya rasu.”

Ƙanenta ya yi salati. Na karɓi wayar na sake dubawa. Shekara tara ina kallon hoton nan, ni da aka rena da durƙusa wa manya, ban taɓa ganin gaisuwa a ciki ba, don tsoro ya riga ya faɗa mini abin da zan gani. Balaraba ta share hawaye ta ce tun ran da na kira ta ta san ban faɗi gaskiya ba, kuma abin da take zato ya fi wannan muni. Ta ja farantinta ta ci abinci sosai.

Ban zo in ce wa kowa matattu na dawowa ba. Ni ba malami ba ne, kuma har gobe ban san wanda ya riƙe wayar ba. Wataƙila rana ce ta buge shi ya ga abin da babu. Abin da na tabbatar kaɗan ne: bai tashi daga kan abincinsa cikin baƙin ciki ba, ya tashi ne da fara'a da ladabi, yadda ya yi dukan rayuwarsa.

Na tura wa ’ya’yansa sauran finafinan. A cikinsu akwai wani gari da yanzu babu shi, da masunta da tsofaffin da ’ya’yansu ma ba su da hotonsu, duk cikin muryar wani direba Bahaushe da ya damu ya san sunan kowa. Wannan ya rage, da kirkin da ya yi wa baƙi irina, da kabari guda a ƙasar da ba tasa ba. Fim ɗin ƙarshen kuwa Balaraba ta ce in bar mata, na bar mata.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya yafe mini zaton da na yi maka. Ko wane ne ka tashi ka gaisar a ranar nan, Allah ya sa ya amsa maka da alheri.