Waken suya a kan kwaltar Gubi

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta kirana a kan shanunsu ban ɗauka ba, da masu cewa na yi kuɗi na manta da mutane, yau ga dalili. Ku yi haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, allurar dabbobi ce sana'ata. Babu rugar da ban shiga da babur ba a bayan Gubi, har da damina, cikin taɓon da ke kafe mota. Ban taɓa faɗuwa ba, har cika baki nake yi da haka.

A kan kwalta na faɗi. Da rana tsaka, lokacin kaka, babu ko ɗigon ruwa a ƙasa.

Kun san yadda manomanmu ke yi bayan girbi. A shanya amfanin gona a gefen titi, a jera duwatsu a tare shi, domin kwalta tana da zafi. Ranar waken suya aka shanya a bayan wata kwanar titi, awaki suka shiga suka watsa shi har tsakiyar hanya. Launinsa ɗaya da ƙasar gefen titi. Ban gan shi ba, sai ji na yi kan babur ya yi sako-sako a hannuna.

Na damƙe birkin gaba. Nan take taya ta zame, babur ya kwanta a kan ƙafata ta dama ya ja ni. Da kunnena na ji ƙarar ƙashin.

Aka kira yayana, Hamma Buba. Kafin ya iso ya riga ya gaya wa Inna, mahaifiyarmu, ta ce masa, "Kada ku kai min shi wajen masu yanka. Mai ɗori ne ya ɗora Baffanku, ga shi nan yana yawonsa."

A gidanmu karaya ta mai ɗori ce tun kakanni. Can aka kai ni. Aka ja ƙafa, aka jera karare, aka ɗaure tamau, da buɗaɗɗen rauni a ƙarƙashin ɗaurin.

Zafin ya fi ƙarfin baki. Idan na yi nishi sai mai ɗori ya ce, "Haba, kamar ba Bafulatani ba? Ƙashi ne ke haɗuwa." Sai in haɗiye. Da wannan kunyar aka raine mu.

Yatsuna suka yi sanyi, sannan suka fara baƙi. Zazzaɓi ya rufe ni. Sai wari. Na san warin nan, na sha jin sa a jikin saniyar da nake ce wa mai ita ya yi sauri ya nemo mahauci. Ranar na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Hamma bai yi shawara da kowa ba, ya sa ni a keke mai ƙafa uku sai babban asibiti.

Hoto, gwajin jini, ƙarin ruwa, ƙarin jini. Da aka kwance ɗaurin, nas ɗin ta kau da kai. Likita ya ce, "Malam, da ranar kuka zo, ƙarfe za mu sa maka ka tashi. Yanzu ba ƙafar muke neman ceto ba, kai ne."

Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Da ƙafa biyu na haife shi, da biyu zai koma ga Ubangijinsa."

Na ce, "Inna, idan kin hana, cikin makon nan zan koma."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Ku yi."

Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Kowace safiya wankin ciwo, ina cizon filo. Yatsun da babu su suna min ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa zanin gado. Magani kuwa sai da ya cinye karsanoni biyu da ragowar babur ɗin.

A ɗakinmu na maza kusan duk 'yan babur ne, kuma da wuya ka ji wanda mota ta buge. Wannan baƙin mai ya taka a gaban garejin bakanike. Wancan yashin da ruwa ya kwaso ya zube a kwana. Na kusa da ni ruwan wanke-wanke da aka kwarara a titi, a ƙofar layinsu. Kowa ya san hanyarsa, kowa ya ce bai ga komai ba.

Tsohon da ya yi shanyar ya zo duba ni. Na tanadi maganganu masu zafi. Ya durƙusa ya ce, "Ɗana, ba mu da daɓe, kowa a nan yake shanya." Na yafe masa. Amma an gaya min bana ma an shanya a kwanar, kuma wannan yana ƙona min rai.

Alhamdu lillahi, ciwo ya warke. Na ajiye sanduna, ina takawa da ƙafar roba. Hamma, Allah ya saka maka da Aljanna. Likitoci da nas-nas, da duk wanda ya ba ni jini ko ya yi min addu'a, na gode. Inna kuma kada wanda ya ga laifinta, abin da ta sani ta yi.

'Yan babur, ku rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Idan kun ga duwatsu a gefen titi, akwai shanya. Idan taya ta fara santsi, ku saki mai, kada ku damƙi birkin gaba. Manoma, don Allah ku nemi leda ku shanya a gona. Karayar da ta fasa fata kuma, asibiti, a ranar. Idan ɗauri ya sa yatsu sanyi, ku yi ihu, ba jarumta ba ce yin shiru.

Har yau idan ina alwala nakan manta. Sai in ɗebo ruwa in kai wa ƙafar dama, ya zube a ƙasa.