Akuyar da Aka Mayar wa Lantana

A Gazawa, in ka ce Lantana mai jajayen awaki ba sai ka ƙara bayani ba. Irin da ta gada ne wurin uwarta, ja wur, babu ko ɗigon fari. Kishin irin nan ya sa ba ta sakin awakinta kiwo, bunsurun waje kuwa ko ƙofar gidanta bai isa ya shinshina ba. Maƙwabta har tsokanarta suke, wai ta fi tsaron awaki a kan 'ya'ya.

Shekarar da aminiyarta Shatu ta Cadawa ta rasa miji, Lantana ta kwance mafi kyawun akuyarta ta ba ta habbanaye, wato ta riƙe, ta ci moriyar haihuwa, daga baya ta mayar da uwar. Kafin lokacin mayarwa ya zo, yanar ido ta kama Lantana, sai dishi-dishi take gani. Da aka kawo akuya ta shafa bayanta, ta sa albarka, ta ɗaure ta kusa da bunsurunta.

Akuyar ta haifi ɗa dabbare-dabbare, fari da baƙi. Lantana ta aika aka kira Rabilu, likitan dabbobi, don ta zaci cuta ce. Ya ce lafiyarsa lau. Ya bayyana mata cewa kowane ɗa daga ƙwayar halitta guda yake farawa, rabin gadonta na uwa, rabi na uba, ita ce ke ta rabuwa har jiki ya haɗu. Launi kan ɓuya a jikin dabba mai jan gashi, sai ya fito ga ɗanta. Sannan ya buɗe bakin uwar, ya ce ai haƙoran nan na ƙaramar akuya ne, wannan ce ma haihuwarta ta fari.

Nan Lantana ta gane ba akuyarta aka mayar mata ba. Tata ta sha haihuwa kafin ta bar gidan.

Ranar kasuwar Cadawa Lantana ta hau kabu-kabu zuwa gidan Shatu. Shatu ta tarbe ta da fara'a, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura. Lantana ba ta zauna ba. Ta juya wajen turke ta yi irin kiran da take wa awakinta in za ta ba su dusa. Daga bayan rumbu wata akuya ta amsa, tana fizgar igiya.

Sai Shatu ta ce:

"Yaya Lantana, nononta nika ba marayuna. Na aza ba ki ganewa."

Wannan maganar ce ta ƙona mata rai, ta fi musanyar kanta ciwo. Da Shatu ta roƙa, da ta bar mata akuyar har abada.

"Ashe ke ma jira kike idona ya mutu," in ji Lantana.

Ta laluba bango ta nemi ƙofa. Shatu ta miƙo hannu za ta yi mata jagora, Lantana ta janye nata.