Laraba da Cigiyar Saminu

Laraba Ɗanmalam malamar firamare ce a Rano, kuma tana rubuta littattafan labari. A Kahu aka haife ta, can take yin kowace babbar Sallah. Ranar jajibere takan shiga mota zuwa Kibiya, daga nan mai babur ya ƙarasa da ita gida. Ita da bakinta takan ce rabin abin da ta rubuta a gindin kaskon suyar layya ta tsince shi, don a nan matan gida ke sakin baki, hannu na aiki, hira na tafiya.

Shekarar da ta fitar da littafinta na huɗu, wani gidan rediyo a Kano ya fara karanta shi duk ranar Alhamis. Labarin wani saurayi ne da ya saɓa da mahaifinsa kan gona, ya bar gari. Ta sauya sunaye, ta sauya garin, amma labarin Saminu ne, ɗan gwaggonta Uwa, wanda ya fita shekara goma sha ɗaya ke nan, ba amo ba labari.

Da ta tafi gida Sallar shekarar, tun a kan babur ta fara shan jinin jikinta. Mai babur ɗin ya waigo ya ce, "Malama, ai muna jin ki. Kowa ya gane mutumin."

Ranar suya ta ɗauko wuƙa ta zauna cikin mata kamar yadda ta saba. Hira ta mutu. Sai ƙarar mai a kasko. Wata ta jawo kwanon nama daga gabanta ta ce, "Huta, kin sha hanya." Can aka ce Gwaggo na kira.

Ta same ta a ɗaki, rediyo a gefen tabarma. Laraba ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta amsa a taƙaice.

"Saura Alhamis nawa a gama?"

"Biyu, Gwaggo."

"Ya dawo?"

Laraba ta sunkuyar da kai. A littafin, saurayin ya mutu a wata tasha a kudu, ba kowa nasa a kusa. An riga an buga, yana kasuwa. Ta so ta yi ƙarya, ta tuna nan da mako biyu rediyo zai tona ta.

"Bai dawo ba. Rasuwa ya yi."

"Kin ga gawarsa?"

"A'a, Gwaggo. Labari ne kawai."

"A wurinki."

Tsohuwar ta ɗago ta dubi Laraba.

"Kin ɗora wa ubansa laifi, shi kuwa yana kabari, ba shi da bakin kare kansa," in ji Gwaggo. "Ba shi ya kore shi ba. Ni ce na ce idan ya ƙetare zauren nan kada ya dawo. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Laraba ta fashe da kuka, ta ce ta yafe mata, za ta je ta roƙa a daina karantawa.

"Kar ki hana. Idan nan ana ji, wataƙila can ma ana ji. Ɗauko takarda."

Tsohuwar ta yi ta faɗa, Laraba na rubutawa: dogo ne, baƙi, da tabon lauje a hannun hagu, yana ɗan in'ina idan ransa ya ɓaci. A ƙarshe ta ce a sa cewa uwarsa ta janye maganarta.

Laraba ba ta jira an gama shagalin Sallah ba. Washegari ta wuce Kano, ta kai takardar gidan rediyon. Aka karanta cigiyar bayan kashi na ƙarshe, tare da lambar wayarta. Mutum uku suka kira. Biyu yabon littafin suka yi. Na ukun direban babbar mota ne, ya ce ya san wani mai irin tabon a wata kasuwar hatsi, amma ba Saminu ake kiransa ba. Ya yi alkawarin tambayarsa idan ya sake bi ta can. Har yanzu bai sake kira ba, Laraba kuwa ko a aji ba ta kashe wayarta.