Tafiretar Maraɗi da fom ɗin Inna

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur ya fara juya kan mutane, na yi wata wauta a bakin iyakar Jibiya wadda har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗauki zafi.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Aji huɗu na tsaya. Amma na je Katsina na yi wata shida ina koyon buga tafireta wurin wani tsoho mai zafin hannu. Kwali yake kifa mana bisa hannuwa, in ka leƙa ya ɗana maka rula. Haka na iya bugu ba tare da kallon haruffa ba: ido na kan takardar da nake kwafa, yatsu na aikinsu. Da wannan nake taƙama. Shi ne kuma ya kashe ni.

A lokacin manyan motoci sun cika bakin iyaka, kowa na neman mai buga mashi takarda. Na kafa tebur ƙarƙashin wata bedi, saura inji. Sai wani abokina, wanda ke fataucin wake zuwa Maraɗi, ya ce in bar mashi. Ran wata Lahadi ya dire mani tafireta, koriya, tana ƙyalli.

Na ce, "Ta yi daidai da irin tamu?"

Ya ce, "Kai dai da tsoro! Inji ai inji ne. Ta wani ma'aikacin duwan ce, kwastan ɗin can, ya yi ritaya, ko shekara ba ta yi a hannunshi ba."

A wannan shekarar mahaifiyata za ta tafi aikin Hajji. Yayanta, kawuna, shi ne muharraminta, shi kuma nashi fom ya riga ya shiga. Nata aka kawo, guda ɗaya tak, aka ce a cika da inji a mayar Katsina kafin Laraba. Na ce ba wanda zai taɓa takardar Inna sai ni.

Da a ce na sa wata banzar takarda na gwada, ko layi ɗaya! Ina. Direbobi sun kewaye ni suna kallon sabon inji, ni kuma kai ya kumbura. Na zura fom, na kau da kai gefe, ina karanta abin da kawu ya rubuta da hannu, yatsu na ta ruwan bugu. Har da ɗan murmushi.

Da na zaro takardar sai na ga duhu. Jibiya ta koma Jibiyq. Katsina ta koma Kqtsinq. Sunan Inna kuwa kamar kaza ta bi ta kan tawada. Inda aka tambayi wurin zuwa, na buga Makka, abin da ya fito shi ne ?qkkq. Alamar tambaya ce ma a gaba.

Sai a lokacin na sunkuya na dubi haruffan. Inda A take zama, Q ce zaune. W da Z sun yi musanyar gida. M ta ƙaura can sama kusa da L, ta bar wa waƙafi da alamar tambaya wurinta. Ashe tafiretar Faransa haka aka jera ta.

Na ɗauki reza zan kankare, na huda takardar.

Washegari na kai ta Katsina a haka. Ma'aikacin ya ɗaga ta sama, ya hango ni ta cikin hujin, ya ce, "Malam, wannan da wane yare ka cika ta?" Na roƙe shi wata. Ya ce fom na bana ya ƙare, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Na dawo ban shiga gida ba, na wuce rumfar abokina. Na ce, "Ka san injin nan na Faransa ne?"

Ya ce, "To daga Maraɗi na kawo ta, da Larabci kake so ta yi? Ita Faransanci ta yi maka, kai ne ba ka ji."

Sai da mutum uku suka riƙe ni. Abin da ya fi ƙona mani rai, rabin maganarshi gaskiya ce.

Inna ba ta yi mani faɗa ba, da ma ta yi. Ta karɓi takardar ta juya ta, alhali ba ta karatun boko, ta ce, "Allah bai kira ba bana." Ranar da kawu zai tashi, ita ta daka mashi dakuwar guzuri. Da ya tafi ta jawo akwatinta da ta riga ta shirya, ta tura ƙarƙashin gado. Ina tsaye ina kallo.

Na so in jefa injin a rijiya. Wani mai gyaran agogo a kasuwa ya hana ni. Ya ce haruffan da dalma aka liƙa su a kan ƙarafunan, ana iya ciro su. Kwana uku muna zaune, yana narka dalma yana sauya masu wuri, A da Q, W da Z, M da waƙafi, ni kuma ina nuna mashi gidan kowa. Da ya gama na buga Makka sau ashirin a farar takarda. Duk sun fito daidai, lokacin da ba su da sauran amfani.

Shekara huɗu akwatin nan ya yi ƙarƙashin gado, don ba wani muharrami sai ni, ni kuma sai da na tsaya da ƙafafuna. Da lokacin ya zo, a wannan injin na cika fom biyu, nawa da nata. Ta zo ta zauna kan benci kusa da ni ta ce, "Wannan karon ka dubi hannunka." Da yatsa ɗaya na buga, harafi bayan harafi.

Abin da ya tono mani wannan, kwanaki ɗiyata ta zo da kwamfutar ofishinsu, tana buga A tana ganin Q. Ita ko ta ce, "Baba, yaren ne ya koma Faransanci." Ta danna wuri biyu, shi ke nan. Ko tsaki ba ta yi ba.

Na tashi na fita waje. Danni biyu. Inna ta jira shekara huɗu, da gwiwoyin da suka riga suka fara ba ta wahala, har sai da aka tura ta a keke wurin Safa da Marwa. Abokina na yafe mashi tuntuni, muna ma shan fura tare. Wanda ya kau da kai gefe yana murmushi don direbobi su gani, shi ne har yanzu ban gama da shi ba.