Ranar da Na Wuce Surukina a Kan Keke

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Na daɗe ina bin abin da mutane ke aikowa wannan shafi, wani in yi dariya, wani in yi tagumi, yau dai na ce bari in kawo nawa. Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne, malamin lissafi a wata sakandare a Rano, ga rawar kai ga saurin fushi, kuma ban yarda akwai wanda zai gaya mini abin da ban sani ba. Son keke a birni na kwaso shi sa'ad da nake karatu, inda na faɗa cikin wasu samari masu fita tsere da sassafe. Da na gama sai na dawo gida da wani keken tsere na gwanjo, tayarsa siririya kamar igiyar guga, da hular kwano, da baƙin tabarau, da wani gajeren wando mai ɗame jiki wanda mahaifiyata ta ce ko a tsakar gida ba ta son ganina da shi. Yara na bina da ihu, manya na girgiza kai, ni kuwa ko a jikina.

Har gobe ban ga laifina ba a kan son hanyoyin nan. Wanda bai taɓa fita daga Rano da sanyin safiya a ƙarshen damina ba, wallahi bai san ƙasarmu ba. In ka nufi Rurum, duwatsu ne hagu da dama, sannan ka shiga daji inda marke da kaɗanya suka haɗe kai, sanyi ya riƙa dukan ƙirjinka kana jin kukan tsuntsaye. In ka juya wajen Kibiya kuwa, gonakin dawa ne sun fi mutum tsayi, ka gangara ka haye rafi, ka yi hawa, ka sake gangarawa, masu tallan nono suna ratso burtali da ƙwarya a ka. Duk Asabar nakan zaga ta Kibiya, in leƙa wajen Fassi da Fammar, in dawo kafin rana ta yi zafi. A wannan hanyar ce ma na fara ganin yarinyar da nake nema, wata rana da na yi faci kusa da garinsu, ina zaune a gindin ɗorawa ina fama da taya, ta wuce da ƙawayenta suna ƙunshe dariya.

Garin nasu ƙarami ne, a bakin wani rafi, Fulani ne da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, Baffanta ne ya riƙe ta, wan mahaifin nata, kuma shi ne waliyyinta. Dattijo ne da ba ya ɗaga murya. Iyayena sun riga sun kai gaisuwa an karɓa, saura sa rana kawai. Kowa a wajenmu ya san mai keke sauka yake yi in zai wuce manya, ya tura da hannu, ya rusuna ya gaishe su, balle a ce surukai ne. Ni ma duk rawar kaina na san wannan. Saboda haka nakan ɗaure jallabiya a ƙarƙashin kujerar keke, in na kusa gadar da ke shiga garinsu sai in tsaya bayan wata kuka in zura ta, in cire hula da tabarau, in turo keke har gindin tsamiyar da Baffa ke zama. Mu gaisa, ya tambayi mutanen gida, in wuce. Haka muke lafiya lau.

Sai wani abokina na birni ya aiko mini da irin takalmin da masu tsere ke sawa, da fedarsa. Takalmin maƙalewa yake yi a jikin feda, ƙafa ba ta fita sai ka murɗa diddige waje. Na sha faɗuwa a ƙofar gida ina gwadawa, amma da yake na ɗora wa kaina gwaninta, Asabar na zagayowa na fita da shi. Kai, ranar na ji daɗin gudu irin wanda ban taɓa ji ba, keke kamar ba ya taɓa ƙasa. Daɗin ne ya ɗebe ni, na wuce kukar nan ban ankara ba, gangare ya kwashe ni, na haye gada, ina shan kwana sai ga jama'a cike da gindin tsamiya, tabarmi har bakin hanya hagu da dama, Baffa a tsakiya. Na taka birki, na murɗa diddige, ƙafa ta ƙi fita. Na sake murɗawa, ta ƙi. Na san in keken nan ya tsaya cak, kifewa zan yi a gabansu, ƙafa a sama, da wannan wando. Sai na sunkuyar da kai na ƙara wuta, na ratsa tsakiyarsu ko sallama babu, ina faɗa wa kaina ai da hula da tabarau ba wanda zai gane ni. Dubi wauta, duk ƙasar nan wa ke hawa irin keken in ba ni ba?

Da na fita bayan gari na samu ƙafar ta fita, na tsaya a wata inuwa. Jallabiya tana nan a ɗaure, ba abin da ya hana ni in zura ta in koma. Na daɗe a tsaye ina saƙawa ina kwancewa, daga ƙarshe kunya ta fi ƙarfina, na bi ta wata hanya na koma Rano.

Da yamma yarinyar ta kira ni a waya, muryarta a sanyaye. Ashe maƙwabcin Baffa ne ya rasu, amininsa tun suna yara suna kiwo tare, dawowarsu ke nan daga maƙabarta na ratsa su. An zo ta'aziyya daga Fassi da Fammar da rugage, kuma a gaban kowa wani baƙo ya tambayi Baffa ko wannan ba shi ne surukin nasa ba. Ta tambaye ni ko ni ne. Ni da bakina na ce ba ni ba ne, ai 'yan birni ma sukan biyo hanyar. Ta ce to, ta kashe waya. Ba a yi mako ba saƙo ya iso wa mahaifina cewa a dakata da maganar sa rana tukuna.

Maimakon in sha jinin jikina, sai kaina ya ɗau zafi. Na riƙa faɗa a gida cewa wannan ƙauyanci ne, yaushe keke ya fara hana aure, in ba su so su faɗa kawai. Na daina bin hanyar Kibiya gaba ɗaya, sai Rurum, ita ma ba na jin daɗinta, ina tuƙi ne kawai zuciyata na can. Ina son yarinyar nan ƙwarai, kuma ina ji ina gani tana neman kuɓuce mini, amma girman kai ya hana ni motsi. Ta daina ɗaukar wayata. Mahaifiyata ce ta jiyo a gidan suna cewa ko rijiya yarinyar ta je sai an tsokane ta, ana ce mata amaryar mai yawo ba wando, har ta daina fita. Wannan ya tsaya mini a rai, don ni na yi abu, ita ke shan kunya.

Wata rana bayan la'asar mahaifina ya kira ni zaure. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mini, ni ne ko ba ni ba ne. Na sunkuyar da kai na ce ni ne, na gaya masa zancen takalmin. Na zaci zai tura ƙannensa su ba da haƙuri, sai ya ce shi ba za shi ba kuma ba zai aika kowa ba, tunda ni kaɗai na wuce su, ni kaɗai zan koma.

Na tafi ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, cikin kaftani da hula, na rataye takalmin a kan keke. Tun daga kuka na sauka, na turo har gindin tsamiya. Baffa na zaune da wasu dattawa. Na durƙusa na yi musu ta'aziyyar da ta makara, suka amsa. Sannan na kwance takalmin na ajiye a gabansu, na faɗi yadda aka yi tun daga farko, har ƙaryar da na yi a waya ban ɓoye ba. Dattawan suka riƙa miƙa wa juna takalmin suna juya shi. Wani ya sa ni na nuna yadda yake maƙalewa, ya ce shi dai jaki ya sani ana ɗaurewa a turke, bai san ana ɗaure malamin makaranta a keke ba. Aka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Baffa ne kaɗai bai yi ba, sai da kowa ya yi shiru sannan ya dube ni.

"Ai na ga ƙafarka tana kokawa, na san akwai abin da ya riƙe ka," in ji shi. "Da ka faɗi, ɗanmu ne ya faɗi, mu ɗaga ka mu kaɗe maka ƙasa. Ni wuri na bar maka a tabarma kusa da ni, na ce musu yanzu zai dawo. Har azahar ina duban hanya."

Wallahi da duka ya sa aka yi mini da ya fi mini sauƙi. Na kasa ɗaga ido, hawaye na ɗiga a kan kaftanina, ni da ko a gida ba a taɓa ganin kukana ba. Zancen aure ma bai taɓo shi ba. Ya aika cikin gida aka kawo fura da nono, ya turo mini ƙwaryar ya ce in sha. Na sha, na yi sallama, na turo kekena har bayan gada ban san matsayina ba. Asabar ta gaba na koma hanyar, na sauka na gaishe shi, haka ta gaba, haka ta bayanta. Sai da aka gama yankan dawa ya aiko wa mahaifina cewa a zo a sa rana, kuma da bakinsa ya ba ni ita ranar ɗaurin aure.

Yanzu muna zaune lafiya, Allah ya ba mu 'ya'ya, kuma in ta so tsokanata sai ta tambaye ni ko 'yan birni sun biyo hanya yau. Keke ban daina ba, ina nan ina zaga Rurum da Kibiya, sai dai na mayar da tsohuwar feda, kuma zagayen da nake gamawa da hantsi yanzu yakan kai ni azahar saboda gaishe-gaishe. Ban yi asarar komai ba, na ma fi sanin mutanen hanyar fiye da dā.

Abin da na koya, kunyar faɗuwar da na guje wa da ta wuce kafin la'asar, a yi dariya a manta. Wadda na zaɓa kuwa na yi watanni ina ɗauke da ita, na ɗora wa yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba, na kuma bar dattijo yana kare ni a gaban baƙi ranar da ya binne amininsa. Ina kira ga samari 'yan'uwana, masu keke da masu babur da masu mota: ku yi wasanku, ku more hanyoyin ƙasarmu, amma kada tsoron a yi muku dariya ya sa ku wuce manya kai a sunkuye. In kuma tsautsayi ya sa kun wuce, kada ku ƙara da ƙarya. Ku juyo a ranar, tun ba a naɗe tabarma ba.