Notin Tayar Gaba

Shekara bakwai muka yi muna haɗa jirgin samanmu, ni da wani dattijo mutumin Damagaram, a wata rumfar ƙarfe da ke gefen wani ƙaramin filin jirage a gabashin Lyon. Jirgi ne mai kujera biyu, irin wanda sassansa ke zuwa a akwatuna mutum ya haɗa da hannunsa. Ni injiniyanci na karanta a jami'a, ina zaune a Vaulx-en-Velin. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana gyaran motocin bas a Paris kafin ya yi ritaya. Gidansa na Aubervilliers, kuma duk wata yakan hawo jirgin ƙasa ya kwana biyu a wurina. Ya girme ni da shekara ashirin. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Injiniya, rabi girmamawa rabi zolaya. Mu biyun duk muna da lasisin tuƙi.

Kowace shekara, idan sanyi ya wuce, mukan kwance tayar gaba mu duba boris ɗinta guda biyu, waɗanda shi yake kira rulma. Shi ya koya mini aikin. A wanke su da kananzir, a bari su bushe, a duba ko sun yi rami ko sun canza launi. Sannan a zuba giris a tafin hannu, a riƙa danna boris a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. Mafi wuya shi ne notin da ke riƙe tayar. Idan ya yi sako-sako, tayar za ta riƙa karkarwa a lokacin sauka. Idan ya matse, boris zai ɗauki zafi har ya ƙone. Ana ɗaure shi ne ana juya tayar, a ɗan sassauta, a sake matsewa da yatsu kawai.

“Takardarku ta jami'a ba ta san wannan ba, Injiniya,” in ji shi. “Yatsa ne ke sani.”

Daga baya ciwon suga ya ci ƙarfinsa, ya fara ɗauke masa ji a yatsu. Bai taɓa faɗa mini ba. Na gane ne ranar da na ga ya riƙe kofin shayi mai ƙuna bai ko motsa ba. A shekarar na tsaya a bayansa ina kallo ya shafa giris a bayan boris kawai, bai shiga ciki ba, sannan ya ɗauki sifana ya matse notin har sai da kafaɗarsa ta motsa. Ya juya tayar, ko kwatan zagaye ba ta yi ba ta tsaya.

A filin nan akwai ƙa'ida: duk wanda ya taɓa taya ko linzamin jirgi, sai wani ya sake duba aikinsa. Turawan da ke rumfunan kusa da tamu suna yi wa juna haka ba tare da kowa ya ji haushi ba. Shi ma ya miƙo mini sifanar yana murmushi.

“Zo ka duba aikin waɗanda ba su je jami'a ba.”

“Haba Baba, ni wa da zan duba aikinka?”

Ya yi dariya ya mayar da sifanar akwati. A gidanmu na Zariya ba a koya mini in gyara wa babba aiki a gaban idonsa ba, balle wanda ya koya mini aikin. Na kai shi tasha da yamma, washegari na koma rumfar ni kaɗai, na kwance tayar, na cusa giris, na ɗaure notin yadda ya koya mini tun yana da yatsunsa. Haka na yi shekara uku a jere: ya miƙo mini sifana in ƙi karɓa, washegari in koma in sake. A lokacin na ɗauki abin ladabi ne. Yanzu da na kai hamsin ina tambayar kaina ko mutuncinsa nake karewa, ko kuwa kaina nake kare wa nauyin magana guda.

A shekara ta huɗu mahaifiyata ta rasu daidai lokacin aikin tayar, na tafi gida. Ya kira ni ya yi mini ta'aziyya mai tsawo, sannan ya ce, “Kar ka sa jirgi a ranka. Zan sauka Lyon in yi masa aikin bana, in ɗan zagaya da shi kafin ka dawo.”

Ina tsaye a zaure, masu gaisuwa na jirana. Jimla ɗaya ce ta rage mini: Baba, bar tayar sai na zo. Na ji ta a bakina. Amma da na faɗe ta zai tambaye ni dalili. Sai na ce, “Allah ya saka da alheri, Baba.”

A ranar da ya tashi da jirgin, a saukarsa ta uku, tayar ta cije. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, hancin jirgin ya soki ciyawa, jirgin ya kife. Ya rayu, amma ƙashin bayansa ya karye, bai sake taka ƙasa ba. Da na dawo na kwance abin da ya rage na tayar. Boris ɗin ya koma shuɗi saboda zafi, ƙarafunansa sun manne da juna, babu ɗigon giris a ciki.

Bayan wata huɗu aka sallame shi, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na shiga na ƙarƙashin ƙasa, layi na bakwai, zuwa Aubervilliers. Na same shi a kan keken guragu kusa da taga, yana kallon rufin shagunan 'yan sari. Hajiya matarsa ta kawo shayi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini a hankali, “Ba ya barci, ba ya cin abinci. Wannan tayar kawai yake lissafi.”

Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya fara.

“Injiniya, kai ne mai karatu, ka fahimtar da ni. Shekara uku haka nake ɗaure ta, daidai haka, ba ta taɓa yin ko tari ba. Rulmar ce jabu? Ko wani ya shiga rumfar bayan na fita? Wancan Baturen mai jirgi ja da ke rumfar kusa da mu, tun asali ba ya ƙaunar ganinmu.”

Na ga inda tunaninsa ya dosa, na ga kuma zai mutu yana zargin mutumin da bai yi masa komai ba. Na ajiye kofin.

“Baba, shekara ukun nan ba ɗaurinka ba ne ya tashi da mu. Duk ranar da na kai ka tasha, washegari nakan koma in kwance in sake.”

Ya ɗaga hannayensa biyu ya dube su, ya shafa babban yatsa a kan sauran ɗaya bayan ɗaya.

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun ranar kofin shayi.”

“Na miƙa maka sifana.”

“Ka miƙo, Baba.”

“Sau uku.” Ya mayar da hannayen kan cinyarsa. “Da ɗan cikina ne, da ya ce mini Baba hannunka ya mutu. In zage shi, in yi fushi sati guda, in tashi da ƙafafuna in je in same shi. Kai kuwa ka girmama ni.”

Ya kira Hajiya ya ce ta juya masa keken, hasken taga ya dame shi. Ta juya shi ya fuskanci bango. Na zauna har shayin ya huce, na yi sallama, ita ce ta amsa.

Har yanzu ina zuwa duk wata. Yana karɓar gaisuwata cikakkiya, ya tambayi iyali da aiki, yana ce mini Malam. Hajiya ta ce ya koma cin abinci, ya kuma daina maganar Baturen nan mai jirgi ja. Boris ɗin da ya ƙone yana cikin aljihun teburina a Vaulx-en-Velin. Bai taɓa neman ya gan shi ba.